Ranar da na nuna wa mahaifiyata ɗakin dodo a talabijin

Shekarun baya, lokacin mahaifiyata tana da rai tana zaune a wurina a unguwar Trikania nan Kaduna, na yi wani abu da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Ban taɓa faɗa a coci ba. A gidanmu 'yata ce kaɗai ta sani, don a gabanta aka yi. Yanzu da shekaru suka ja, na ga gara in rubuta, ko wani mai irin halina zai karanta.

Mu mutanen kan dutse ne, daga kudancin jihar nan. Tsohon garinmu yana saman wani tsauni, an kewaye shi da ganuwar duwatsu. A can aka haifi mahaifiyata, a can aka yi mata aure, a can aka haife ni. Ina ɗan shekara takwas ko tara mutane suka sauko ƙasa kusa da hanyar mota da makarantar mishan, garin ya zama kufai. Ni kuma da na gama firamare na taho Kaduna na shiga masaƙa. Na yi shekaru a gaban injin saƙa har aka rufe, sannan na koma gadi a wani kamfani a Kudenda. Karatuna bai wuce nan ba. Amma a coci na zama dattijo, kuma ban ɗauki dattijantakar nan da wasa ba. In an ce taro ƙarfe huɗu, tun uku da rabi ina bakin ƙofa ina duba agogo ina hararar mutane.

Bayan rasuwar mahaifina na ɗauko ta ta dawo wurina. Duk Kirsimeti muna zuwa gida tare, kuma duk zuwa sai ta yi min roƙo ɗaya.

"Ka raka ni kan dutse. Ina so in ga ko dutsen niƙana yana nan inda na bar shi."

Ni kuwa amsata ɗaya ce: "Mama, ga injin niƙa a bakin layi. Me za ki je yi a wurin da aka yi bautar gumaka?"

Lokacin ƙafarta na da ƙarfi. Da na yarda, da rabin yini ya ishe mu mu hau mu sauko. Ban yarda ba, kuma dalilina dodo ne.

Bari in yi bayani saboda yaran yanzu. A da, a garinmu, akwai lokacin da dodo yake fitowa. Murya ce mai ban tsoro take tashi daga wani kogo a gefen gari, wanda ake kira ɗakin dodo. Ana cewa kakanni ne suka dawo. Mata su dafa wake su yi giya a kai bakin hanya, su koma ɗaka su rufe ƙofa. Mace ba ta ganin dodo, ba ta taka hanyar ɗakinsa, ba ta ma ambatonsa da ƙarfi. Kafin mu sauko, mahaifina ya kai ni ciki kamar yadda ake kai kowane ɗa namiji. Abin da na gani bai wuce maza a zaune suna cin wake ba, ɗaya yana busa guntun gora da aka liƙe bakinsa da wata farar yanar gizo. Ita ke sauya murya. Aka sa na yi rantsuwa ba zan taɓa gaya wa mace ba.

Daga baya duk gidanmu muka shiga coci. Mahaifiyata ta yi baftisma, ta yi shugabancin zumuntar mata, babu waƙar da ba ta iya da ka ba duk da ba ta karatu. Amma abu ɗaya ya tsaya min a rai. In aka ambaci dodo a gabanta sai ta sunkuyar da kai ta sauya magana. Na ɗauka tsoro ne ya rage mata. Na ce a raina, ni dattijon coci guda, a ce uwata tana tsoron guntun gora? Na sha jawo mata ayoyi a kan haka. Takan saurara har in gama, sannan ta ce, "Dattijo, an gama wa'azin? Tuwonka ya huce." In tana so ta tsokane ni haka take kirana, Dattijo.

Shekaru suka wuce. Ƙafa ta ƙi, sai an kama ta take zuwa bayan gida. Hanyar gida ma ta lalace da masu tare mutane, muka rage zuwa. Ta daina yi min maganar kan dutse. Na ɗauka ta manta, ashe ta fid da rai ne.

Wata rana 'yata, wadda take koyarwa a Unguwar Mu'azu, ta zo da labari. Ta ce ƙungiyar ci gaban garinmu ta share kufan, an kafa alluna, ya zama wurin tarihi da baƙi ke zuwa. Akwai wani malamin firamare da ya yi ritaya, shi ke zagayawa da mutane. Wanda ba zai iya zuwa ba, sai malamin ya hau da wayarsa ya kira shi ta bidiyo, yana tafiya yana nuna masa, ana magana da juna kai tsaye. Ta ce 'yan garinmu da ke Abuja da ƙasashen waje haka suke nuna wa 'ya'yansu.

"Kaka," in ji ta, "kina nan zaune a falo za ki hau dutse."

Mahaifiyata ta dube ta ta ce, "Ke da ƙarya kamar ubanki yana yaro." Amma sai ta tambaya yaushe za a yi.

Aka sa ranar Asabar da rana. Farkon damina ne. Malamin ya ce in ba a yi yanzu ba, nan da mako biyu ciyawa za ta rufe komai, dutse kuma ya yi santsi, sai bayan kaka in an ƙone daji. Kowa a gidan ya san shekarun mahaifiyata, kowa ya san abin da "sai bayan kaka" yake nufi a wurinta.

Ranar tun safe ta sa aka yi mata wanka. Ta shafa man kaɗanya, ta ɗaura sabon ɗankwali, ta ce a sa mata takalmi. Matata ta ce, "Mama, ina za ki da takalmi?" Ta ce, "Unguwa za ni." Da rana, bayan matata ta fita, aka zaunar da mahaifiyata a kujera dab da talabijin saboda idonta. An ɗauke wuta, na ta da janareto. 'Yata ta haɗa wayarta da talabijin, sai ga fuskar malamin ta cika falon, gumi na zuba, yana haki.

"Mama, ina wuni? Ke kina kan kujera, ni gwiwata ce ke shan wuya."

"Kai ɗan wane gida ne?"

Ya faɗa mata. Ta yi dariya. "Gidan maƙera! Kakanka ma haka yake da raki. A zamanina, da tulu a kaina nake hawa nan sau uku kafin rana ta yi zafi. Juya abin in ga hanya, na gaji da ganin hancinka."

Ya juya kyamarar. Ga duwatsu, ga itatuwa, ga siririyar hanya tana hawa. Da ya iso ƙofar ganuwa, wata 'yar tsaga tsakanin manyan duwatsu biyu, mahaifiyata ta ce wa 'yata, "Cire min takalmin." Aka cire. Ta ɗora tafin ƙafarta a kan siminti, ta yi gaisuwa da yarenmu a hankali, irin wadda ake yi in an shiga gari.

A nan zuciyata ta fara tafasa. Na ce a raina, ka gani ko? Shekara nawa a coci, ga ta tana cire wa duwatsu takalmi a falona.

Malamin ya fara bayanin da ya saba yi wa baƙi, amma ba ta bar shi ya yi nisa ba. Ita ta karɓi jagorancin.

"Ba nan ake shanya acca ba, wa ya gaya maka? Matsa gaba. Wancan shimfiɗaɗɗen. Yauwa. Wannan bishiyar ɗorawar yarinya ce, ban san ta ba. Uwarta tana can bayanta, in ba a sare ba."

"Tana nan, Mama."

"To gaishe ta."

Malamin yana dariya yana cewa a bari ya nemo biro, allunansu duk sai an sake. Ban taɓa ganin mahaifiyata haka ba tun rasuwar mahaifina. Ta miƙe zaune, muryarta ta fito. 'Yata tana share hawaye tana dariya. Ni ina tsaye a bakin ƙofa na harɗe hannu kamar an kawo ni sa ido.

Can malamin ya ɗaga wayar sama ya nuna mana gabas. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Ya ce, "Jama'a, mu yi sauri. Abin da ya rage mana bai fi rabin awa ba, dole in sauka kafin ruwa." Yana tsaye ne a inda hanya ta rabu biyu. Dama ta gangara unguwar su mahaifiyata. Hagu ta hau zuwa ɗakin dodo. Ni na gane wurin tun kafin ya faɗa.

Mahaifiyata ta ce, "Dama. Bi dama, ɗana."

Na ce, "Malam, bi hagu tukuna."

Wayar ta tsaya cak. Ya ce, "Dattijo, akwai mata a wurin."

"Shi ya sa na ce ka bi. Yau za a gama wannan tsoron."

"Ni ma ɗan coci ne, Dattijo, ba tsoro ba ne. Amma ko baƙi in da mata ba na shiga da su. Mu fara kai Mama unguwarsu, in lokaci ya rage..."

Na katse shi. Na tuna masa na yi shugabancin reshen ƙungiyarmu na Kaduna tun yana ɗan makaranta. Na ce minti biyar ne kawai. 'Yata ta ce, "Baba, don Allah." Na daka mata tsawa. Mahaifiyata ta juya fuskarta ga bango.

Ba minti biyar ba ne. Hawan yana da tsayi, mutumin kuma ga gwiwa. Muna jin numfashinsa da ƙarar tsakuwa. Da ya iso sai da ya durƙusa ya shiga da rarrafe, ya kunna fitilar wayar. Me ke ciki? Kashin jemage, fasassun tukwane, da wasu duwatsu da ake zama a kai. Na matso gaban talabijin ina nunawa da yatsa kamar mai wa'azi a kasuwa.

"Mama, buɗe ido ki gani! Babu kowa! Babu kakanni! Maza ne kawai suke zama a nan suna cinye wakenku. Gora ce ake busawa, da idona na gani!"

Rantsuwar da na riƙe tun ina yaro, a falo na zubar da ita, ina jin kaina jarumi. Ba ta juyo ba.

Sai hoton ya daskare. Sabis ya ɗauke a cikin kogon. 'Yata ta kira, bai shiga ba. Ta sake kira, ta sake. Da ƙyar ya shiga, kuma abin da muka gani ɗigon ruwa ne a kan gilashi da iska tana kaɗa itatuwa. Malamin ya raɓe a ƙarƙashin wani dutse yana ɗaga murya.

"Ruwa ya sauko! Ba zan iya gangarawa unguwar ba, dutsen ya jiƙe. Mama, ki yi haƙuri. Sai bayan kaka."

Ta ce, "Sauka lafiya, ɗana. Ka gaida gida."

'Yata ta kashe talabijin. Ina tsaye ina jiran a ce na yi daidai. Mahaifiyata ta juyo ta dube ni, ba da fushi ba, kamar yadda ake duban yaron da ya yi kashi a wando yana murna.

"Dattijo, ka gama?"

Ba ta jira amsata ba.

"Kana tsammani ban sani ba? Wa yake dafa waken? Washegari bakin wa yake warin giyar da na dafa? Ka taɓa jin kakannin da suke tari irin na ubanka? In ya busa abin nan sai tarin ya sarƙe shi, ina cikin ɗaka ina jinsa, ina cewa Allah ya sa bai manta da bargonsa ba. Duk matan garin sun sani. Uwata ta sani, uwarta ta sani. Mun yi shiru ne don mazanmu su tashi da safe su iya duban idonmu. Ubanka ya mutu bai san na sani ba. Abin da na ba shi ke nan. Kai kuma ka zo yau ka kwance masa zani a gaban jikarsa."

Ta ci gaba, muryarta ta yi ƙasa.

"Kafin kai akwai wata. Mace. Ba ta kai ga fitar da haƙori ba ta koma. A lokacinmu irin wannan ba a yi masa kuka, ba a sake kiran sunansa. A bayan ɗakina aka sa ta. Uwar mijina ta sa aka ɗora dutsen niƙana a kai don kada kura ta tona. Kullum da safe a kanta nake niƙa, ina yi mata waƙa, mutane suna cewa amarya mai son aiki. Ranar da za mu sauko na ce a bar dutsen, ya yi nauyi. So nake in ga ko yana nan. Shi ke nan abin da nake so."

Ta ce wa 'yata, "Kama ni, zan kwanta."

Shekara sittin da wani abu ina duniya, ban san ina da yaya ba. Ban sani ba domin ban taɓa tambaya ba. Sau nawa ta ce min dutsen niƙa, ni kuma in ce mata injin bakin layi.

Kuna tsammani na durƙusa na ba ta haƙuri? Ban yi ba. Dattijo ne ni. Washegari bayan sujada a coci na biya kasuwa na sayo mata atamfa da lemu. Ta karɓa ta ce an gode. Atamfar ta ba wata gwauruwa 'yar zumuntarsu. Ba ta ƙara ɗaga maganar ba, ba ta kuma ƙara kirana Dattijo ba. Da sunana take kirana, a hankali, kamar baƙo. Na yi ta cewa a raina, in an ƙone ciyawa zan gyara komai, zan zauna kusa da ita mu gani tare, a nan zan faɗi abin da ke bakina.

Ba ta kai ba. Ana cin sabuwar masara ta rasu. Muka kai ta gida muka binne kusa da mahaifina. Na tsaya a bakin kabari na ɗaga kai na dubi tsaunin, ciyawa ta fi tsayin mutum, ruwa na gangarowa. Ni ma likita ya riga ya hana ni hawa saboda hawan jini.

Bayan kaka na sa 'yata ta sake kiran malamin, ta gaya masa dutsen da muke nema da abin da ke ƙarƙashinsa. Mu biyu ne a falon. Bai yi min wasa ba wannan karon, gaisuwar ta'aziyya kawai ya yi ya kama hanya. Da ya iso mararrabar ya bi dama ba tare da na ce komai ba. Unguwar ta bayyana, ƙasa baƙa da toka. Ga zoben duwatsu inda ɗakuna suka taɓa tsayawa, ɗaya bayan ɗaya, duk kamarsu ɗaya. Ga duwatsun niƙa nan da can, wasu a kife, wasu sun fashe.

Ya ce, "Gaskiya sai na faɗa maka, Dattijo. Lokacin da muke gyara, mun kwashi masu kyau daga ciki mun jera a bakin ganuwa don baƙi su gani. Ba mu san akwai wani abu a ƙasansu ba." Sannan ya ce, "Wanne ne ɗakin Mama?"

Na matso kusa da talabijin har hancina ya kusa taɓa gilashin. Na duba, na sake dubawa. Hanyar ɗakin dodo, da sau ɗaya aka kai ni, na gane ta nan take bayan shekara sittin. Ɗakin da aka haife ni, inda na kwana a bayan uwata, ban gane shi ba.

Na ce ya bi su ɗaya bayan ɗaya a hankali. Ya bi. Duk dutsen da ya tsaya a kai sai in gaishe shi da yarenmu, don ban san wanne ne yake kan yayata ba, ko ma nata yana cikin waɗanda aka ɗaga.

Wayar ba ta yi laifi ba. Abin da na kasa yi wa mahaifiyata da ƙafafuna cikin shekara ashirin, ita ta kusa yi mata cikin awa ɗaya. Ta ɗauko dutse guda ta kawo Trikania ta ajiye a gaban tsohuwa. Ni ne na shiga tsakani, don in ci gardamar da ni kaɗai nake yi. Na ɗauka ina da ilimin da ba ta da shi, alhali abin da na sani ita ta riga ni saninsa tun ba a haife ni ba, ta kuma san abin da ake yi da shi. Ba na jin wannan abu ya yi sauƙi da shekaru. Mutane suna cewa Allah ya gafarta, na kuma yarda. Amma ita ban roƙe ta ba, kuma wannan babu inda zan kai shi.

Kwanakin baya 'yan ƙungiya suka zo gidana. Suna ɗaukar muryoyin tsofaffin da aka haifa a kan dutse, don a riƙa sa wa masu kallo ta waya. Suka ce ina cikin kaɗan da suka rage, in ba su tarihi. Na ce ba ni da tarihin da zan bayar, roƙo ɗaya gare ni: kada a ƙara ɗaga dutsen niƙa ko ɗaya daga inda yake. Suka tambaye ni dalili. Na ce su je su nemi tsofaffin mata, in akwai wadda ta rage. In ta ce su bi wata hanya, su bi. In ta fara magana, su rufe bakinsu.